Allon lita nawa ya dace da ni a raƙuman ruwan Esawira?

Ɗan Yantala: Salamu alaikum ƴan'uwa. A Yamai nake zaune, amma na yi karatu a Maroko, can na koyi hawan allo mai filafili da iska ke turawa a teku. Na fara da babban allo mai lita 160 (da lita ake auna girman jikin allo), daga baya na sauko 115 a ruwa mai kwanciya. Bana ina so in shiga raƙuman ruwa a Mulai, wani ƙauye na bakin teku a arewacin birnin Esawira na Maroko, a watan Yuli. Nauyina kilo 78 ne. An nuna mini alluna biyu na hannu, ɗaya lita 85, ɗaya 92, kuma kuɗina na ɗaya ne. Abin na damuna sosai, don mako biyu kacal nake samu a shekara, ba na son su tafi a banza.

Ba'adare: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka yi lissafi tukuna. Lita ɗaya tana ɗaukar kilo ɗaya ne, ruwan gishiri ya ɗan ƙara kaɗan. Kuma ba kai kaɗai allon zai ɗauka ba: shi kansa wajen kilo 7 ne, filafili da sandunansa kusan 9, ga rigar roba da ta sha ruwa. Ka tasam ma 97 ke nan. Idan iska ta ɗauke kana kan 85, ruwa zai kai maka ƙwauri, ba za ka iya jawo filafilin da igiya ba. Ka iya tashi daga cikin ruwa iska ta ɗora ka kan allo? Wannan nake son ji kafin komai.

Ɗan Yantala: Na iya, Yaya, amma idan raƙumi ya buge ni sai na gwada sau uku ko huɗu.

Ba'adare: To ɗauki 92. Ni ma ƙarami na fara saya saboda na ga gwanaye a kansa, na ƙare hutuna ina iyo ina jan kaya zuwa gaɓa. Har yau ina jin takaicin kwanakin nan.

Maman Hadiza: Malam Ba'adare, ban ƙi taka ba, amma a tuna irin iskar Mulai a Yuli. Akwai ranakun da mutane ke fita da filafili mai murabba'in mita 4 ko ƙasa. A irin wannan rana allo mai faɗi tsalle yake ta yi a ƙarƙashin ƙafa, gefensa ya ƙi kama ruwa wajen juyawa. Shi ya sa ƴan wurin ke hawan lita daidai da nauyinsu, wasu ma ƙasa da haka. Sai dai su kullum suna cikin ruwa, kai kuwa, Ɗan Yantala, wata goma sha ɗaya kana Yamai. Ka yi hayar duka biyun kwana biyu na farko, ranar da iska ta yi ƙarfi ka gwada 92 ɗin da ƙaramin filafili, sannan ka biya.