Musayar waƙa: Lester Piggott, Dogon sukuwar Ingila

Malam Ɗanladi: Jama'a, yau mahayin nan Lester Piggott za mu ɗora a baiti. Na buɗe fage. Mai amsa ya amsa da waƙa, ban da zube.

Ku matso in waƙe Dogo na Ingila,
Lester Piggott, sarkin fagen sukuwa.

A Wantage ya zo duniya, 1935,
Gidan da ba su san wata sana'a ba sai hawa.

Kakansa Ernie sau uku ya ci babban tseren Grand National,
Ubansa Keith ya koya masa zama da riƙewa.

Yana shekara 12, a Haydock, 1948,
Ya hau The Chase, ya bar saura suna biyowa.

Da shekara 18 ya ci babban tseren Derby a Epsom,
Kan Never Say Die, 1954, ba tsayawa.

Sau 9 ya ɗauki Derby, ku ƙirga da kyau,
Har gobe ba mahayin da ya kai ga kamowa.

Binta 'Yar Barga:

Malam, ka lissafa kofuna da shekaru,
Ka manta abin da ke faruwa a ciki.

Mahayan sukuwa gajeru ne marasa nauyi,
Shi ko mita 1.73, zanƙalele kan doki.

Ya ɗaure kansa wajen kilo 53,
Shekara da shekaru yana tauye jiki.

Baƙin kofi da taba su ne kalaci,
Kumatu suka zurma, fata ta tattare gefen baki.

Kunne ba ya ji sosai tun yana yaro,
Harshe na sarƙewa, ya bar magana ga aiki.

Ya ɗage likkafa, gwiwa sama, ƙugu a iska,
Matasa suka kwaikwaya, dattawa na mamaki.

Garba Gardama:

Yaya Binta, yunwar ciki kika hango,
Akwai ta biyu, ta doki da dukiya.

In ya ga ingarma a ƙarƙashin wani,
Sai ya nemi mai dokin ya dame shi da waya.

A tuna mahayi Bill Williamson da dokin nan Roberto,
An sauke shi dab da Derby, Dogo ya haye baya.

Ya ci a 1972 da ruwan bulala,
Ya wuce Rheingold da abin da bai kai tsawon wuya.

Tun 1954 aka dakatar da shi kan tseren Ascot,
Mutum ne da ba ya jira a ba shi hanya.

Sai 1987, alƙali ya yanka masa shekara 3,
Kan harajin fam miliyan 3 da ɗoriya.

Kwana 366 ya kwashe a gidan yari,
Aka karɓe lambar girman da ya samu wurin Sarauniya.

Baba Mai Likkafa: Garba, sannu da kaifin baki. Zauna ka ji.

Ɗana, ban musa maka zancen haraji ba,
Wanda ya ɓoye kuɗin hukuma dole a kama.

Amma ka tsallake 1970 da gangan,
Shekarar Nijinsky na Vincent O'Brien, ingarma.

2000 Guineas, Derby, St Leger a jere,
Tun ran nan ba dokin da ya sake wannan girma.

Hannunsa za ka duba, ba ya fizgar linzami,
Yana laɓe a baya har tsere ya kusa gama.

Haka ya yi da Sir Ivor a 1968,
Ya bari na gaba ya saki jiki, ya ɗauke masa dama.

Ya sauka a 1985, ya koma horar da dawaki,
Da ya fito daga yari, aka ce tasa ta gama.

Sai ga shi a 1990 da shekara 54,
Bai cika mako biyu da komawa sirdi ba ma,

A Belmont ta Amurka, kan Royal Academy,
Ya taso daga baya ta gefen waje, yana fama,

Ya ɗauke Breeders' Cup Mile a kan layi,
Wanda ya yi wannan, Garba, sai ka ba shi wurin zama.

Malam Ɗanladi:

Baba ya gama magana, bari in cike gurbi,
Don kada lissafin ya tafi da ɓacewa.

Sau 11 yana zakaran mahayan Birtaniya,
Manyan tseren Classic 30 ya yi ta kwashewa.

Na ƙarshensu 1992, kan Rodrigo de Triano,
A 1995 ya rataye sirdi ba komawa.

Ya rasu a Suwizalan, Mayun 2022,
Yana da shekara 86 ranar tafiyar rabuwa.

Binta 'Yar Barga:

Garba, ai mai Roberto bai bar Williamson haka ba,
Ya ba shi kaso daidai da wanda ya hau doki.

Garba Gardama:

Yaya, kuɗi ya karɓa, sunan wa ke allon Epsom?
Na Dogo ne, na Bill ko ba a ganin ɗuriya.

Baba, da girmanka, ga tambaya guda,
Kan laɓewar nan da ka yaba da zuciya ɗaya.

A Faris, gasar Arc, a shekarar Nijinsky,
Ya bar shi can nesa, yana jiran a yi kwana a miƙe hanya.

Da ya sake shi, Sassafras ya riga ya yi gaba,
Da tsawon kai aka kayar da dokin da bai san faɗuwa ba a baya.

Laifin dokin ne da ya gaji, ko na mai linzami?
Ina sauraron baitinka, Baba, kar ka yi mini zamiya.