Injin fatsa ya faɗa teku, yanzu yana ƙara, a taimaka min

Abu Hanif (Jidda): Assalamu alaikum 'yan uwa. Hankalina a tashe yake. Injin naɗe igiyar fatsa ne, kuma ba nawa ba ne, na yayana ne. Shi ya kawo ni ƙasar nan, shi ya koya min fatsa, duk daren Juma'a tare muke zuwa bakin teku a Obhur in na tashi aiki. Da ciwon ƙafa ya matsa masa zai koma Kano, ya zaro injin daga ƙarƙashin gado, a naɗe cikin tsohon rawani, ya ce ga amana har ya dawo. Shekara 6 a hannunsa, ko ƙwarzane babu. Ni kuma igiyar ruwa ta fizge sandar fatsar da injin ke jiki daga kan dutse, na tsamo shi duk yashi. Yanzu in na juya hannun sai ka ji kamar ana niƙa tsakuwa, wani lokaci ma ya koma baya. Bayan Sallah Yaya zai dawo. Ya zan yi?

Baban Khalifa (Legas): Wa alaikumus salam. Yaushe ya faɗa, kuma me ka yi masa?

Abu Hanif: Yau kwana 9. Na goge shi, na fesa masa WD-40 (man fesawar nan na hana tsatsa), na ƙulle a leda cikin but ɗin mota.

Baban Khalifa: Subhanallahi! Leda, a zafin Jidda? Ɗan uwa, gishirin ka dafa a ciki. Bahar Maliya ta fi yawancin teku gishiri, kusan giram 40 a lita, inda yawanci ke da wajen 35. Shi kuma WD-40 ruwa yake kora, yana narkar da giris, ba ya maye gurbinsa. Injin da ya nutse sai an kwance shi kaf. Shimfiɗa farin ƙyalle, duk abin da ka cire ka ɗauki hoto, ka jera su bi da bi. Wanke giyar injin da kananzir da tsohon buroshin haƙori. Ƙarar nan boris ne (zoben ƙarfen nan mai 'yan ƙwallaye da ke sauƙaƙa juyawa), in ya ci tsatsa canza shi kawai. Komawa baya kuma boris ɗin nan ne mai juyawa gefe ɗaya, kada ka cika masa giris, zamewa zai yi. Ɗan mai kaɗan ya isa.

Sarkin Ruwa (Yauri): Malam, jiƙa shi a ruwan ɗumi ya kwana, ka shanya, ka ɗiga man keken ɗinki. Mu haka muke yi. 

Baban Khalifa: Ranka ya daɗe, naku ruwan Kwara ne, babu gishiri. In ya jiƙa shi bai buɗe ba, ruwa zai ƙara kwanciya a ciki.

Maman Ilham: Ni dai shawarata ka fara gaya wa yayanka. Ƙanina ya ari keken ɗinkina ya lalata, ya yi shiru wata uku. Wallahi shirun ya fi min ciwo, har yau ba mu koma daidai ba.

Abu Hanif: Hajiya, mutumin da ke fama da jinya zan ɗora wa wannan? Kuma Baban Khalifa, ledar nan don kada ƙura ta shiga na sa, ba sakaci ba ne. Kwana 9 ɗin ma Makka maigidana ya tafi da ni. Ina tsoron buɗewa, in wani ɗan sifirin ya yi tsalle a ina zan samo?

Baban Khalifa: To kai wa mai gyara yau, ba gobe ba. Duba gindin sukurorin, ka ga farin gari?

Abu Hanif: Akwai, kamar toka, a guda biyu. Ɗaya ma ya ƙi kwancewa.

Baban Khalifa: Gishiri ya fara cin alminiyon inda ya haɗu da ƙarfen sukurun. Kada ka matsa, kan zai lalace.

Sarkin Ruwa: Ɗan ɗumama shi da wuta, zai saki.

Baban Khalifa: Wuta kusa da roba? A'a!

Abu Hanif: Mai gyaran da na sani kuɗin da zai ce ya fi ƙarfina wannan watan. Bari dai in ƙara fesa masa in bar shi zuwa Juma'a in gani. Akwai wanda ya san inda ake sayar da ƙananan boris a Jidda?