Docking da Hausa: makulli ko kamu?

1/ Jama'ar Maradi, kalma nake nema. Ƙanwata da ke karatun ilimin halitta a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tana kwana gaban kwamfuta, sai Baba ya ce ta faɗa mashi da Hausa abin da ke hana ta barci. Da ta iso kan docking, wanda Faransawa ke kira amarrage, sai ta yi turus.

2/ Ga yadda abin yake. Anticorps, ɗaya daga makaman garkuwar jiki, ƙirar gwafa gare shi, a kan kowane reshe akwai ƴan lanƙwasa 6 da suke cafkar abu. Integrin kuwa furotin ce a fatar ƙwayar halitta, da ita ƙwayar ke manne wa abin da ke kewaye da ita. Iri 24 ce a jikin mutum. Maganin natalizumab, da Amurka ta amince da shi a 2004, anticorps ne mai riƙe wata integrin don fararen ƙwayoyin jini su daina kutsawa ƙwaƙwalwa. Docking shi ne kwamfuta ta faɗi ta ina gwafar anticorps za ta riƙe integrin, tun ba a shiga ɗakin gwaji ba.

3/ Wani malami ya ce "makulli da kwaɗo". Allah gafarta Malam, ban yarda ba. Kwaɗo ba ya motsi. Integrin gwiwa gare ta: in tana hutu a durƙushe take, in aiki ya taso ta miƙe. Wurin da ke buɗe yanzu, an jima ya ɓuya. Ita ma gwafar, lanƙwasarta da ake kira H3 ba ta zama wuri guda. Ko AlphaFold, shirin kwamfuta mai hasashen siffar furotin, da ya ja wa masu shi kyautar Nobel a 2024, yakan yi tuntuɓe a nan.

4/ Inna ta ce ƙarangiya. Mun sha dariya, amma ƙarangiya ba ta zaɓe, ko wandon liman kamawa take.

5/ Ni dai na tsaya kan "hasashen kamu". Duk wanda ya taɓa zama filin kokowa ya san shi: ƙarti biyu sun duƙa, kowa na motsi, tsoho a gefe ya ce "ta ƙugu zai kama shi", kuma haka ta faru. Wannan tsohon shi ne kwamfutar. Baba ya gane nan take, har ya tambayi wa ke kayarwa.

6/ Saura integrin ɗin kanta. Ƙanwata na cewa "mai gwiwa", ni kunnena bai karɓa ba tukuna. Ƴan'uwa na Tibiri da Tessaoua, ku kawo naku.