Yi wa OS/8 faci domin ta karɓi umarni masu sauƙi

Mai Tsohon Inji: Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan ina gudanar da OS/8, babbar manhajar kwamfutocin PDP-8 na kamfanin DEC, a cikin manhajar kwaikwayo ta SIMH, kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda take karɓar umarni. Idan na manta na rubuta da ƙananan haruffa, sai ta maido mini da alamar tambaya kamar ba ta taɓa jin kalmar ba, sannan kwafar fayil guda sai na kira PIP, shirin kwafar fayiloli, na jira alamar tauraro ta fito, na rubuta SABO.TX<TSOHO.TX, wato inda za a kai kafin inda aka ɗauko. Shin akwai hanyar yi mata faci ta sassauta, ba tare da na sake haɗa manhajar gaba ɗaya ba?

Malam Injiniya: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Rabin abin da kake nema DEC da kanta ta riga ta yi shi. Akwai shirin da ake kira CCL, wanda idan ka rubuta R CCL sau ɗaya a gaban alamar ɗigo da OS/8 ke nunawa idan tana jiran umarni, manhajar za ta fara gane kalmomi irin su DIR, COPY, TYPE da DELETE. Aikinsa tafinta ne kawai: yana karanta abin da ka rubuta, ya juya shi zuwa tsohon salo, sannan ya miƙa wa shirin da ya dace, kamar DIRECT ko FOTP. Sai dai ko a COPY ɗin, wurin zuwa ne ke fara zuwa kafin mafari, don haka wannan kam sai haƙuri.

Batun ƙananan haruffa shi ne yake buƙatar faci na gaske. Ba taurin kai ba ne. Injin buga rubutu na ASR-33 da aka saba haɗa ta da shi manyan haruffa kaɗai yake da su, yana buga goma a daƙiƙa, saboda haka babu wanda ya ga dalilin ɓata wuri a kan abin da ba zai taɓa shigowa ba. Lissafin gyaran ba shi da wuya: tsakanin ƙaramin harafi da babbansa akwai tazarar 32, wato 40 a lissafin takwas-takwas, don haka sai a duba ko harafin yana tsakanin a da z, a rage masa wannan adadi. Da yake PDP-8 ba ta da umarnin ragewa, da TAD, umarnin tarawa, ake yi, a tara masa kishiyar lambar.

Wahalar tana wajen samun wuri. Kowace kalma, wato gurbi guda a ƙwaƙwalwar injin, bit 12 ce, ƙwaƙwalwar kuma an yanka ta shafi-shafi, kowane shafi kalma 128, kuma umarni ba ya iya taɓa komai kai tsaye sai abin da ke shafinsa ko shafin sifiri. Waɗanda suka rubuta OS/8 sun cika shafukan nan maƙil, har ka rasa inda za ka cusa kalma goma. Ni da na yi nawa, sai da na gajarta wani saƙon kuskure kafin na samu gurbin da na sa JMP, umarnin tsallakawa, zuwa sabon ɓangaren.

Hajiya Mai Lissafi: Ina ƙara wa Malam Injiniya abu guda da ya taɓa kayar da ni. Mai karanta layin da ke bayan alamar ɗigo daban yake da wanda ke bayan alamar tauraro, don haka wanda ya gyara na farko kaɗai zai ga DIR ta yi aiki, amma da ya shiga PIP sai matsalar ta dawo sabuwa. Kuma kada ka yi gyaran a cikin direban tasha, wato shirin da ke kula da madannai da abin buga rubutu, baki ɗaya, domin duk rubutun da ya bi ta nan zai koma manyan haruffa, har da wanda kake son adanawa yadda yake. Gyara da ODT, shirin duba abin da ke ƙwaƙwalwa da sauya shi, kuwa ba ya daɗewa, tun da ana sake loda waɗannan ɓangarori daga faifai duk lokacin da aka koma kansu. Da FUTIL, shirin gyara abin da ke kan faifai, za ka rubuta shi a kan tubalin faifan kansa.

Mai Tsohon Inji: Na gode muku ƙwarai. CCL ta tashi, har na ga jerin fayilolina da DIR. Na ajiye kwafi biyu na hoton faifan kafin na buɗe FUTIL. Malam, wane saƙon kuskure ka gajarta, kuma kalma nawa ya ba ka?