Me za mu kira "metteur en scène" da Hausa?

Salamu alaikum 'yan uwa. Wata tambaya ce ta hana ni sakat tun makon jiya, na ce bari in kawo ta nan, ko Allah zai sa mu dace.

'Yar yayana ce, a nan Garwa, ta ci bakaloriya, jarrabawar gama sakandare, ta ce ita makarantar fasaha ta Fumban take so, wadda ke ƙarƙashin jami'ar Dschang, ta karanci wasan dandamali. Da daddare muna zaune a tsakar gida mahaifinta ya ce, "To uwata, in kin gama me za ki zama?" Ta ce metteur en scène, wato wanda ke bi da 'yan wasa a gwaji har wasa ya hau dandamali. Ya ce ta faɗa masa da Hausa. Ta yi shiru, ta dube ni. Ni kuma na yi karambani na ce, "Yaya, darakta take nufi." Nan take fuskarsa ta washe, ya ce Alhamdulillahi, ashe makaranta za a ba ta ta riƙe.

Kun ga inda gizo ke saƙar. A Kano ko Kaduna in an ce darakta, kowa ya san mai fim ne. A nan Kamaru da Cadi kunnenmu ya saba da Faransanci, directeur muke ji: shugaban makaranta, ko babban mutum a kamfanin auduga na Sodecoton mai ofis da direba. Kalmar aro ce mai kyau a can, amma a nan ta tarar da mai kama da ita ya riga ya zauna.

Na san za a ce ai akwai "mai ba da umarni". Gaskiya ne, a ƙarshen finafinan Hausa muke ganinta, kuma ba ni da ja a kanta. Wanda ke tsaye bayan kyamara yana cewa a fara, a tsaya, a sake, lallai umarni yake bayarwa. Shi ne Faransawa ke kira réalisateur. In za mu ba da labarin Mahamat-Saleh Haroun, ɗan Abeshe, wanda ya ci kyautar alƙalai a bikin finafinai na Kan da ke Faransa a 2010, ko Dikongué-Pipa da ya kawo wa Kamaru babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, daga Wagadugu a 1976, mai ba da umarni ta ishe mu. Kalma ce da ta riga ta zauna, a bar ta.

Damuwata mutumin dandamali ce. Faransawa sun ware masa suna dabam, kuma ina ganin da dalili. Bari in faɗa muku abin da na gani da idona. Akwai wata ƙungiyar matasa da nake taimaka wa da rubutu, suna gwaji a farfajiyar wata makaranta bayan la'asar. Yarinyar nan ce ke riƙe da su. Ta zana layi da alli a ƙasa, nan ɗaki, nan zaure. A wasan, mace ce aka aiko mata da labarin rasuwar mijinta. Mai yin matar ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka. 'Yar yayana ba ta ce mata daina ba. Ta matso ta ce a hankali, "Yaya, me kike yi kafin ɗan aiken ya shigo?" Ta ce ninkin kaya. Ta ce, "To ci gaba da ninkin. Rigarsa ce a hannunki." Aka sake. Ɗan aike ya faɗi saƙonsa, matar ba ta ɗago ba, ta ninke rigar, ta warware, ta sake ninkewa. Wallahi har mai sayar da rake da ke leƙe ta bakin ƙofa sai da ya yi tsit.

Ku gaya mini, ina umarni a nan? Tambaya ta yi, ta bi da 'yar wasan har ta gano hanya da kanta. Sannan ranar wasa ba ta da bakin cewa a sake. Tana can gefen labule, ko sun yi daidai ko sun kauce, sai dai ta haɗiye. Duk aikinta a makonnin gwaji yake ƙarewa.

Su ma Turawan ba su daɗe da sanin wannan a matsayin sana'a mai zaman kanta ba. A da marubucin ne ko babban ɗan wasa ke tsara abokansa. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 aikin ya fita dabam, zamanin su André Antoine da ya buɗe gidan wasansa a Paris a 1887, da Stanislavski a Mosko a 1898. Su ma lalube suka yi kafin sunan ya zauna, don haka ba abin kunya ba ne mu yi namu.

Da na fara tambaya, wani malamin Hausa a Marwa ya ba ni "mai tsara wasa". Malam, na gode, kuma ma'anar ta fito. Sai dai ta yi kusa da "mai shirya wasa", wadda aka riga aka ba furodusa, mai nemo kuɗi da wuri. A rediyo ba mai bambance su. Wani ɗan uwa daga Injamena ya ce "uban wasa", mace kuma "uwar wasa". Ta yi daɗi a baki ƙwarai, amma da na gwada ta a kan mutum uku, dukkansu alhajin da ya ɗauki nauyin taron suka zata, kamar yadda ake cewa uban biki.

Tawa shawarar ita ce madugun wasa.

Mu da ke nan, da yawanmu ayari ne ya kawo kakanninmu Adamawa, fataucin goro da hauren giwa. Mun san madugu ba sarki ba ne, kuma kayan da ke kan jakuna ba nasa ba ne, kamar yadda labarin wasa na marubuci ne. Amma shi ya san hanya, shi ke cewa yau a nan za a ya da zango, shi ke duba wanda ya gaji a rage masa kaya, shi ke sasanta fatake in rai ya ɓaci. In ayari ya isa lafiya kowa ya ci kasuwarsa, in ya ɓata madugu ake tambaya. Duk wanda ya taɓa kai matasa goma sha biyu daga ranar karatun farko har ranar wasa, ga mai fushi, ga wanda bai haddace ba, ga wadda aka hana fitowa daga gida, ya san tafiya ce.

An yi mini gyara biyu. Na farko, yanzu a labarai madugun 'yan tawaye ko madugun 'yan adawa aka fi ji. Haka ne, amma 'yan jarida ne suka ara daga fatake, mu ma muna da haƙƙin ara, kuma "wasa" da ke biye ta kore shakka. Na biyu, mace fa? Ni dai madugu zan kira ta, yadda muke cewa shugaba ga namiji da mace.

Marubucin wasa kam ba gardama, wanda ya rubuta na fim kuma marubucin fim.

Saura wata kalmar Faransancin da ta shafi gidan tarihi, kuma a nan wata Hajiya daga Ngaundere ce ta gama da mu duka. Na tambayi sunan scénographe, mai yanke shawarar inda kowane abu zai zauna a zauren baje koli: tukunyar Sao, mutanen da na yankin tafkin Cadi, a nan, mashi a can, haske ta wannan gefe, baƙo ya shigo ta nan ya fita ta can, kamar a gidan tarihin Gawi da ke kusa da Injamena. Hajiya ta ce, "Ɗana, wannan ai jere ne." Ta ce in an kai amarya, kayan na iyayenta ne, amma akwai matar da ake aika wa musamman, don ita ta san wace tasa za ta hau sama, wane kwano zai fuskanci ƙofa, yadda mai shigowa zai ga ɗakin ya cika ba tare da ya cushe ba. Hajiya, Allah ya ƙara girma. Mai jeren gidan tarihi, na karɓa hannu biyu, ban ƙara ko wasali ba.

Na koma wajen yayana na ce masa ba makaranta za ta riƙe ba, madugun wasa za ta zama. Ya ɗan yi jim, ya ce, "Ita ce za ta ja mutane ke nan?" Na ce ita ce. Bai ce ya yarda da Fumban ba tukuna, amma ya ce a ajiye masa kujera ranar wasan.

Ranar Alhamis zan kai takardar sanarwar wasan matasan nan wajen mai bugawa. A ƙarƙashin Faransancin na rubuta marubuci, sai madugun wasa, sai 'yan wasa. Wanda ke da wadda ta fi wannan, don Allah ya kawo kafin daren Laraba.