Kaburburan sarakunan Sin: Beijing zan nufa ko Xi'an?

Ɗan Kantin Kwari:
Assalamu alaikum. Wata mai zuwa, in Allah ya yarda, zan je Guangzhou sarin kaya, kuma kwana 3 za su rage mini kafin jirgin dawowa. Na daɗe ina son ganin yadda sarakunan Sin na dā suka gina makwancinsu, amma na rasa zaɓi tsakanin kaburburan daular Ming da ke kusa da Beijing da kabarin sarki Qin Shi Huang da ke Xi'an. A wanne ne ake shiga har cikin kabarin?

Ɗaliba a Beijing:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Idan shiga ciki kake so, Beijing za ka zo. Sarakunan Ming 13 aka binne a kwari guda a gundumar Changping, kimanin kilomita 50 arewa maso yammacin birnin, inda masu duba ƙasa na lokacin suka zaɓi wuri mai duwatsu ta baya da ruwa ta gaba. Kabari ɗaya tak aka haƙe, wato Dingling na sarki Wanli, wanda aka fara tono a 1956. Za ka yi ta sauka a matakala har mita 27 a ƙarƙashin ƙasa, ka tarar da ɗakuna 5 na dutse waɗanda babu ginshiƙi ko azara a cikinsu, domin rufin an tanƙwara shi ne kamar bakan gizon sorayenmu, dutse na riƙe da dutse. Abin da ya fi tsayar da ni shi ne ƙofofin marmara, da doguwar sandar dutse da ke jingina a bayansu, wadda ke tokare ƙofa daga ciki da zarar an rufe ta daga waje. Sanyin wurin har ƙashi, ko da bazara ce.

Kada ka tsallake Changling na sarki Yongle, wanda aka fara ginawa a 1409, domin zaurensa na ginshiƙan wani itace da ake kira nanmu ya fi Dingling kyau nesa ba kusa ba.

Malamin Tarihi:
'Yar'uwa ta yi bayani, sai dai Alhaji ya san cewa ɗakunan Dingling kusan wayam suke, kuma akwatunan gawar da ke ciki kwaikwayo ne. Lokacin da aka buɗe kabarin babu dabarar adana kayan, sai alharinin da ya kwana kusan shekara 340 a rufe ya lalace da iska ta taɓa shi, sannan a 1966 matasa 'yan juyin al'adu suka ƙone ƙasusuwan sarkin da na matansa biyu. Wannan asarar ce ta sa hukuma ta daina ba da izinin tone kaburburan sarakuna.

Shi ya sa a Xi'an tudu kawai za ka gani, itatuwa sun lulluɓe shi, ba a taɓa buɗe shi ba tun da aka binne Qin Shi Huang bayan rasuwarsa a shekara ta 210 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam. Marubucin tarihi Sima Qian ya ce an zuba zaiba a ciki don kwatanta koguna da teku, kuma gwajin ƙasar tudun ya nuna zaiba mai yawa. Abin kallo a can shi ne sojojin yumɓu da manoma masu haƙa rijiya suka ci karo da su a 1974, kimanin kilomita 1.5 gabas da tudun. An ƙiyasta sun kai 8,000, jere cikin sahu, kowane da irin fuskarsa. A ganina, Xi'an ta mai son sassaƙa ce, amma mai tambaya kan gini Beijing ce tasa.

Ɗan Kantin Kwari:
Na gode ƙwarai, Malam, na gode 'yar'uwa. Beijing ke nan. Shin yini ɗaya zai ishe ni?

Ɗaliba a Beijing:
Zai isa idan ka yi sammako. Ka fara da hanyar shiga kaburburan mai gumakan dutse 36, ta zakuna da raƙuma da giwaye da fadawa, sannan Changling, ka bar Dingling sai bayan azahar. Ka riƙe fasfo ɗinka, domin da shi baƙi ke yankar tikiti.