Da wane suna za mu kira "Kangaroo Mother Care" da Hausa?

Ungozoma: Salamu alaikum. Ana shirya takardar wayar da kan iyayen bakwaini, kan yadda ake ɗora jariri a ƙirjin uwa fatarsa na taɓa tata, kuma "renon kangaru" aka rubuta a kai. Yawancin matanmu ba su san dabbar ba. Kafin a gama yi musu bayanin jakar da ke jikinta, an manta da jaririn. A taimaka da sunan da uwa za ta ji ta gane nan take.

Likitan yara: Wa alaikumus salam, Hajiya. Sunan daga Kolombiya ya zo. A 1978, a wani babban asibitin haihuwa na birnin Bogota, kwalaben jarirai sun yi kaɗan, har ana haɗa jarirai a kwalba ɗaya, cuta tana yaɗuwa a tsakaninsu. Sai Dokta Edgar Rey Sanabria ya mayar da su ƙirjin iyayensu. Binciken da aka wallafa a 2021, wanda aka yi a Ghana da Indiya da Malawi da Najeriya da Tanzaniya, ya nuna fara shi nan take ya rage mutuwar jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8 da kashi 25 cikin 100. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara da zarar an haihu, awa 8 zuwa 24 kullum. Duk sunan da za a zaɓa, ya nuna abu ne mai daɗewa.

Malamin Hausa: In haka ne "runguma" ta fita, don ba ta daɗewa. Ina ganin "goyon ƙirji". Goyo dai yini ake yi da shi, kuma da majanyi ake ɗaurawa. A kiyayi "goyon ciki", wannan juna biyu ke nan.

Ungozoma: Malam, ya yi daɗin faɗa, amma ga inda nake tsoro. Da ka ce goyo, a kan riga za a ɗora jaririn, shi ma an naɗe shi da zani, kuma ɗumin uwa ba zai ratsa ba. Kunzugu da hula da safa kaɗai ake bar masa. A miƙe ake kwantar da shi tsakanin nonuwa, ƙafafu a lanƙwashe kamar na kwaɗo, kai a juye gefe guda, haɓa a ɗan ɗage. In haɓar ta faɗa kan ƙirjinsa, hanyar numfashi ta toshe. Bakin majanyin ya tsaya daidai ƙasan kunnensa, kada a matse masa ciki, don da shi yake numfashi. Nono duk awa 2 zuwa 3, in bai iya kamawa ba a tatsa a ba shi da ƙaramin kofi. Uwa kuma a jingine za ta yi barci.

Likitan yara: Ƙari a kan haka, kada a sa "uwa" a sunan. Mai jego tana shiga wanka safe da yamma, a nan ne jariri kan yi sanyi, zafin jikinsa ya sauka ƙasa da digiri 36.5. Uba ko kaka su karɓa a ƙirjinsu har ta fito.

Malamin Hausa: To a kan takarda a rubuta "goyon ƙirji, jiki da jiki", a baki kuma "goyon ƙirji" ya wadatar. Hajiya, kin amince?

Ungozoma: Na amince, Malam. Sai a sa hoton uba ɗauke da jariri a shafin farko.